Shammam ɗin da ke Cikin Jakarki

Nassarawo, Mubi.

Zuwa ga 'yata Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki zaune lafiya a cikin mota. Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kau da idon mugu daga kanku tun daga tashar Mubi har ku sauka Yola. Ya ba direbanku natsuwa, Ya sa ku wuce kowane shingen sojoji ba a sauke ku ba.

Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, tuwo ɗaya muke ci, me zai sa in rubuto miki takarda kamar wanda ke wata ƙasa? Bakina ne ya gaza. Sau huɗu a makon nan ina ƙwala miki kira, ki zo ki durƙusa ki ce, "Ga ni, Baba," sai in ce ki kawo mini ruwa. Na kusa shanye randar gidan nan, maganar ba ta fito ba. Shi ya sa na zauna a rumfar gona yamma biyu ina fama da biro.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki cusa ta a jaka ki ce sai kin isa. Ki karanta ta yanzu, ki gama kafin ku kai Song. Ishaya direba, tsohon maƙwabcinmu, shi zai tare ki a tasha, a gidansa kuma za ki sauka kafin makarantar ungozoma ta ba ku ɗaki, tunda goggonki ta bar Yola. Na ga yadda kika haɗe rai da na faɗa miki. Na kuma ji abin da kika ce a bayan ƙyaure, cewa in kika haɗa ido da shi sai kin tambaye shi yadda aka yi mai mota ya gudu ya bar Innarki a ƙasa. In kika tambaye shi zai ba ki amsa, don Ishaya bai iya ɓoye-ɓoye ba. Ina so ki ji amsar daga wurina. Ba zan yi miki ƙaryar jarumta ba, da ba don wannan haɗuwa taku ba, wataƙila da na ƙara wasu shekaru ukun ina neman ruwan sha.

Amma ki bar ni in biyo ta gona, don ni ban san wata hanyar da ake bi a kai ga magana ba. A ƙasan jakarki, cikin tsohon ɗankwalin Innarki, akwai shammam guda. Kada ki yanka shi tukuna.

Shekarar da aka raba Gongola aka ba mu Adamawa na fara noman shammam. Wani ɗan kasuwa daga bakin Chadi ya ba ni irin a ƙullin tsumma. A lokacin duk bakin mayo, wato kogin garinmu, ba mai shuka shi, kowa kankana da albasa. Ni kuma saurayi ne mai ji da kansa, ban tambayi mutumin komai ba don kada ya ce ban sani ba. Na ɗauka ƙanin kankana ne. Da 'ya'yan suka yi girma na bi su ɗaya ɗaya ina ƙwanƙwasawa da yatsa ina kasa kunne, wanda ya yi mini ƙarar da nake so in sa wuƙa in yanke. Na cika kwando biyu na kai kasuwa, na tsaya a kansu ina hura hanci.

Wata yarinya ta zo da tasar nono a kanta. Ta sauke, ta ɗauki ɗaya, ba ta ƙwanƙwasa ba, ba ta latsa ba. Ta juya shi ta kai gindinsa hancinta, ta ajiye. Ta ɗauki na biyu, ta ajiye. Sai ta dube ni ta ce, "Malam, wannan shammam ne ko kabewar miya?"

Na ce ta kiyaye bakinta. Ta ce to in yanka. Na yanka a gaban mutane, ciki fari-fari, da tauri, ba zaƙi ko na magani. Ishaya yana wurin, lokacin yana kwandasta a motar Gella. Ya ɗanɗana ya tofar, ya ce, "Buba Kabewa!" Layin 'yan gwari duka ya ɗauka. Shekara ashirin da shida ke nan, har yau akwai tsofaffin da ba su san ina da wani suna ba. Yarinyar nan kuwa ita ce Innarki, Adama. Na aure ta bayan shekara uku, ina ce wa abokaina don in rama ne.

Na kwashe kwandunan na kai gida na zuba a ɗaki, wai su nuna kamar mangwaro. Sun yi laushi, sun ɗan yi ƙamshi, amma zaƙi bai ƙaru ko kaɗan ba. A nan na gane cewa shammam daga jikin yaɗo yake shan zaƙinsa, ranar da aka raba su kuma shi ke nan, abin da ya samu ya samu. Ki riƙe wannan a makarantar da za ki. Abin da ba ki sani ba ki tambaya tun ranar farko, ko da 'yan ajinku za su yi dariya. Ni na ƙi yi wa mai irin nan tambaya ɗaya, na sha dariyar kasuwa guda. Kuma kada ki yi saurin cewa kin iya. Matan da za ki karɓi haihuwarsu ba su da kwando na biyu da za ki gwada da shi.

Amma wannan kuskure ƙarami ne. Babban shi ne abin da na yi da kunyar. A ranar na rantse a zuciyata cewa wuƙa ba za ta ƙara taɓa wutsiyar shammam ɗina ba, wato ɗan karan nan da ya haɗa shi da yaɗo. Sai ya saki da kansa. Na riƙe rantsuwar nan kamar wani sashe na addini, ina kuma taƙama da ita.

Innarki ce ta koya mini duba shi, ni ma bari in bar miki a rubuce, don kullum in na fara sai ki ce kina da wanki. Ki fara duban bawon. Zanen nan mai kamar raga zai taso ya yi kaushi a hannu, koren da ke ƙarƙashinsa ya koma ruwan ƙasa mai haske. Ki ɗaga shi, ya fi girmansa nauyi. Ki latsa gindinsa da babban yatsa, wajen da fure ya faɗi, ya ɗan ba ki hanya kaɗan, ba ya lotse ba. Sannan ki kai hanci wurin. Wanda ya kai yana da ƙamshi mai sanyi, wanda ya wuce kuma ƙamshinsa yana da ɗan tsami a ƙarshe, in kin girgiza shi ki ji 'ya'yan ciki suna motsi a ruwa. Ƙwanƙwasawa ta kankana ce, ki bar wa masu kankana.

A gona kuwa wutsiya ce alƙali. In ya kusa, wata 'yar tsaga takan fito a inda wutsiya ta shiga jikinsa. Takan fara ta gefe ɗaya, ta yi rabi, sannan ta zagaye. In ta zagaye, da kin ɗora yatsa sai ya faɗo hannunki, ya bar ɗan rami mai santsi kamar cibiya. Daga rabin tsaga zuwa cikakkiya kwana biyu ne ko uku. Masu kai kaya nesa ba sa jiran ta zagaye. A rabi suke yankewa, don ya riga ya sha mafi yawan zaƙinsa, kuma zai jure hanya. Na san wannan sarai, Dada. Ki tuna na ce miki na sani.

Ni yatsa gare ni, Innarki hanci. Takan tsaya a bakin gona da safe ta ce, "Malam, akwai uku a kunya ta biyar," in je in tarar da uku. Ke ma kin gaji hancin. Tun kina shekara biyar kike gane miyar da ta kwana tun daga zaure.

Kuskurena na biyu na ruwa ne. Ranin da na fara samun injin ban-ruwa, murna ta hana ni kashe shi. Kullum ina jan ruwa daga mayo ina malala wa kunyoyi, har 'ya'yan suka fara canja launi ban daina ba. Innarki ta ce, "Malam, ka ɗaga musu hannu haka nan, makon ƙarshe ƙishi suke so." Na ce ita da ba ta san kan inji ba ta yi shiru. Suka kumbura suka yi kyau a ido, sannan suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya, ƙudaje suka sauka. Waɗanda ba su fashe ba kuma lami, kamar an jiƙa auduga. Da na kawo mata ɗaya ta ɗanɗana, sai ta tashi ta ɗauko tukunyar miya ta ajiye a gabana, wai ga kabewa ta samu.

Na ba ki wannan labari ne don na maimaita shi a kanki. Shekara biyu takardar shiga makarantar nan tana zuwa ina cewa hanya ba kyau, ina cewa baɗi. Hanyar kam ba kyau, ba ƙarya na yi ba. Amma gaskiyar ita ce tsoron gidan nake yi in ba ke. Na tsare ki da kulawa har na ga kin daina dariya, kin koma amsa mini da "to" kawai. Ki yafe mini wannan. Ke ma wata rana za ki so wani har ki ji ba ki iya ɗaga masa hannu. In wanda ke kusa da ke ya ce miki ya isa, ki saurara, ko da bai san kan inji ba.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

Kin tuna ƙarshen daminar nan, shekara uku da suka wuce. Tun da garuruwan arewa da mu suka faɗa hannun mutanen daji, Mubi ba ta zauna ba. A gudu yau, a dawo jibi. A gudun farko ne muka tura ki Yola wurin goggonki. Mu muka dawo, don ina da shammam a ƙasa, kuma ban taɓa yin irinsa ba. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da ake so. Kowane ɗa na ɗora shi a kan tsingaro don kada danshin ƙasa ya taɓa shi. Raga ta taso, launi ya juya. Ranar Lahadi da safe na duba, tsaga ta yi rabi a kusan duk gonar.

A ranar da la'asar Ishaya ya tsaya a ƙofar gida, bai ko kashe mota ba. Ya ce, "Kabewa, fito, yau ba wasa." Na fito. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Na ɗauko mutane daga Uba yanzu. Abin da suna faɗa ba kyau. Gobe da safe ina kai iyali Yola. Na ajiye wuri biyu, kai da Maman Dada."

Na ce masa sau nawa muka gudu ba a ga komai ba. Na ce ina da kwana uku a gona.

Ya ce, "To kai ka zauna da kabewa naka. Ba ni Maman Dada. Shi ba shi da ƙirji na gudu, ka sani."

Ya faɗi gaskiya. Asmar Innarki ta tashi a watan, abin shaƙarta saura kaɗan, masu kemis da yawa sun rufe sun tafi. Tana tsaye a zaure tana jin mu. Na waiwaya na dube ta, na yi dariya na ce wa Ishaya, "In ka tafi da ita, wa zai shinshina mini?" Da wasa na faɗa. Amma kin san Innarki, ba za ta sa ƙafa a mota ba sai na ce ta shiga, ni kuma ban ce ba.

Da ya tafi ta same ni a tsakar gida. Ta ce, "Malam, tsaga ta yi rabi. Mu je yanzu da wuƙa biyu, kafin magariba mun cika buhuna. Ishaya zai ɗaure su a saman mota. Kafin mu huta a Yola sun yi laushi, ba wanda zai raina su."

Shawara ce da ba ta da aibi ko ɗaya. Da ita da shammam da ni duk da mun tsira. Na ce, "Ke kika sa aka raɗa mini Kabewa a tsakiyar kasuwa, yanzu kuma ke za ki sa in yanke ɗanye? Ban sa wuƙa ba shekara ashirin da uku, ba zan sa don jita-jita ba. Laraba mu tafi."

Ta dube ni. Ta ce, "Allah Ya kai mu Larabar." Ba ta ƙara ta da maganar ba.

Litinin da sassafe Ishaya ya dawo. Matarsa da 'ya'yansa a ciki, kaya har sama, ga wuri biyu a bayan direba ba kowa. Mutane na roƙonsa a kan titi yana hana su. Ya yi hon sau uku. Ya fito ya buga ƙyaure da hannu yana cewa, "Buba, don Allah! Buba!" Ranar kaɗai na ji ya kira ni da sunana ba Kabewa a ciki. Ina ciki ina ɗaura igiyar takalmi, na ce a gaya masa na tafi gona. Innarki ce ta fita ta ce masa Allah Ya kiyaye hanya, ta ba shi ƙullin kuka da daddawa ya kai miki. Kin ci miyar, ba ki san yadda ta zo ba.

Laraba na isa gona rana ba ta gama fitowa ba. Tun daga bakin mayo nake jin ƙamshi, ni da ba ni da hanci. Na durƙusa a kunyar farko, tsaga ta zagaye, na ɗora yatsa ya faɗo tafin hannuna. Ina riƙe da shi ina murmushi na ji ƙarar farko ta wajen hanyar Mararraba. Sai ta biyu, sai ta haɗe ba tsayawa. Na ga mutane suna tsallaka mayo da yara a kafaɗa. Na yi gudu zuwa gida, sai da na shiga zaure na lura shammam ɗin yana hannuna.

Ba mota, ba babur. Muka bi ayarin mutane ta hanyar Gella a ƙafa. Innarki takan yi taku hamsin ta tsaya ta dafa gwiwa. Abin shaƙar ya ƙare kafin azahar, tana girgiza shi tana matsawa ba abin da ke fita. Na goya ta, na sauke, na sake goyawa. A Gella aka ce kada a tsaya, kowa ya nufi duwatsu ta wajen iyaka. Washegari muna hawa, ƙirjinta yana kuka kamar ana jan zarto. Da rana ta take muka zauna a inuwar wani dutse, ba mu da ruwa ko ɗigo. Leɓɓanta sun bushe sun yi duhu.

Sai na tuna da abin da ke aljihun babbar rigata. Na fasa shi a kan dutse. Ciki ja-ja kamar gwaiduwa, ruwa na bin yatsuna. Na matsa mata a baki kaɗan kaɗan. Ta haɗiye. Ta kama hannuna ta kai ɓarin hancinta, ta ja iya abin da ƙirjin ya bari. Ta buɗe ido ta ce, "Malam, wannan kam ba kabewa ba ne."

Shekara ashirin da uku ina jiran in ji wannan daga bakinta. Ba ta kai la'asar ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wasu manoma Kiristoci na kan dutsen suka zo da fartanyoyinsu suka haƙa mata kabari, matansu suka taimaki wata tsohuwa Musulma aka yi mata sutura da zanenta. Mu bakwai muka yi mata salla. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da na samu waya a tsallaken iyaka na kira ki, kina kuka kina cewa, "Baba, me ya sa ba ku fito da wuri ba?" Na ce, "Ba mu samu mota ba." Kalma biyar. Na faɗe su ne don in samu in ajiye wayar. Ban san za ki ɗauke su ki ɗora a kan Ishaya ba. Da ya zo ta'aziyya bayan an ƙwato gari, kika ƙi fitowa gaishe shi, ya ce mini, "Bar shi, yarinya yana cikin zafi." Ina zaune kusa da shi a kan tabarma, na san dalilinki, na yi shiru. Shi kuma bai taɓa ce mini "na gaya maka" ba, ko sau ɗaya. Mutumin da ya hana wasu wuri don ya ajiye wa uwarki, shi na bari kika tsana shekara uku, don kada ki tsane ni.

Malamai sun ce mini kwananta ne ya ƙare, na kuma yarda, ba mai wuce ranarsa. Amma wannan tsakanina da Ubangijina ne. Tsakanina da ke kuwa, mota ta zo har ƙofar gida sau biyu, ni na mayar da ita.

Ga abin da nake so ki ɗauka, in har kina iya karɓar shawara daga hannuna yanzu. In an taɓa yi miki dariya a kan wani abu, ki gyara abin, amma kada ki yi rantsuwa a kansa. Ni kunyar rana ɗaya na mayar doka, dokar ta zo ta fi mini matata. In kina wuri aka ce a tashi, ki tashi da abin da ke hannunki, ko littafi ne ko jarrabawa ce saura kwana uku. Kada ki tsaya lissafin sau nawa aka gudu a banza. Gara ki gudu sau goma a yi miki dariya, ni na san nauyin dariya, na kuma san nauyin ɗayan. In kuma kika yi kuskure a aikinki, ya shafi ran wani, ki faɗa da bakinki a ranar, tun kafin laifin ya sami wani marar laifi ya zauna a kansa.

In kin sauka a tasha za ki gan shi, ya yi furfura yanzu, yana ɗan ɗingishi. Ki durƙusa ki gaishe shi kamar yadda za ki gaishe ni. A'a, fiye da haka. Ki ce masa Baba. Ba sai kin yi masa bayani ba, ni zan kira shi in faɗa masa abin da na bari ya faru, wannan aikina ne.

Ni kuwa ban ce ki yafe mini yau ba. Ban ma san ko ina da bakin roƙa ba. In kin ga ba za ki iya kirana ba, kada ki tilasta wa kanki, ki dai sa matar Ishaya ta gaya mini kin isa lafiya. In hutu ya zo kika ji ƙafarki ba ta son hanyar Mubi, zan fahimta, ko da yake ban san yadda zan yi da gidan ba. Tsoron da ya hana ni magana ke nan, yanzu kuma na sa shi a hannunki.

Saura shammam ɗin jakarki. Jikan waɗancan ne. Da na dawo na tarar gonar ta ruɓe a tsaye, na tsince iri daga cikin ruɓaɓɓun na wanke na shanya. Ki fito da shi daga ɗankwalin in kin isa, kada ki sa shi a leda, kada ki bar shi a rana. Ki ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa. Jibi ko gata ki latsa gindinsa, ki shinshina, hancinki zai gaya miki abin da ni ba zan iya ba. Ki wanke bawon kafin ki yanka. Ki fara ba Ishaya.

In kin juya shi za ki ga ba shi da cibiya. Wutsiyarsa na nan, guntuwa, da sawun wuƙa a jikinta. Jiya da safe na same shi tsaga ta yi rabi. Na daɗe a durƙushe a gabansa, sannan na ciro wuƙar Innarki ta yankan kuɓewa na yanke shi, don mai tafiya ne. Ko daƙiƙa ɗaya bai ɗauke ni ba, Dada. Abin da ta roƙe ni ke nan ranar Lahadin.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na gari, da na dare da na rana. Ya ba ki ilimi mai amfani da hannu mai sa'a, duk matar da ta zo gabanki ta tashi da ɗanta a raye. Ya ba ki kunnen jin shawara wanda bai ba ubanki ba. Ya jiƙan Innarki, Ya sanyaya makwancinta a kan dutsen nan, Ya saka wa waɗanda suka haƙa mata da alheri. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wayata tana aljihun gaba, na cika ta da caji.

Ni ne mahaifinki,
Buba.